Kun bar jaki kuna dukan taiki: manhajar ba ta gaza ba

Tun daren Asabar nake danne zuciyata, amma saƙon da sakatare ya turo dandalinmu na WhatsApp da safiyar nan ya ƙarar mini da haƙuri. Wai kwamiti ya zauna, ya duba, ya tabbatar cewa Linux ɗin nan, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu a madadin Windows, ya ba mu kunya, don haka daga zangon karatu mai zuwa za a goge komai a mayar da Windows da Microsoft Office a ofishin ƙungiya da ɗakin kwamfutar makaranta. Har da masu turo alamar tafi. To ni ban tafa ba, kuma ba zan tafa ba. Hukuncin kuskure ne, dalilin da aka bayar kuma ba gaskiya ba ne. Kun bar jaki kuna dukan taiki.

Duk mai zuwa taronmu na wata-wata a Agege, nan Legas, ya san yadda abin ya faro, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya kawai nake so a tuna, domin shi ne saƙon sakatare ya tsallake. Yaron nan da ya ɗora mana Ubuntu (wani nau'in Linux) da LibreOffice (takwarar Microsoft Office ta kyauta), shekara huɗu yana kula da kwamfutocin nan ashirin da ɗoriya, me muka biya shi? Kuɗin mota. Yaro ya taso daga Mile 12 da asuba, ya sha cunkoson Ketu da Ojota a cikin danfo, ya zo ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana fama da wayoyi, da yamma a danƙa masa abin da ko kuɗin hanyarsa bai cika ba, a ce Allah ya yi albarka. Sau uku ina zaune a wurin ya roƙi a yanka masa albashi, ko yaya yake. Sau uku ana ce masa ai abin kyauta ne, me za a biya? Ya samu aiki a Yaba ya tafi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa, babu wanda ya sabunta ko kwamfuta ɗaya, babu wanda ya kwafi bayanan ɗalibai ya adana a wani wuri, sabuwar firintar da aka sayo ba a tambayi kowa ba ta ƙi aiki. Yanzu kuma wai Linux ne ya ba mu kunya.

Mu ne muka ba kanmu kunya. Ba a ɗauki mai kula da ita ba, shi ke nan. Zan yi ta faɗa har ku gaji da ji.

Mu mazauna Legas ai mun fi kowa sanin wannan labari. Wani bawan Allah ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, aka yi biki, aka yanka ƙyalle. Babu wanda ya ce a riƙa tara ɗari-ɗari don man janareta da gyaran famfo, tunda ruwan kyauta ne. Ranar da injin ya ƙone, kowa ya koma jiran mai ruwa da kurarsa yana sayen jarka-jarka kullum, kuɗin da in aka haɗa na wata biyu sun isa su sayi sabon inji. Ka tambaye su, sai su ce ai burtsatsen nan ba ta da kyau. Ruwan yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba. Amanar kula da ita ce aka watsar.

Kalmar "kyauta" ita ce ta cuce mu. Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja shi ne an buɗe maka rubutun da aka gina ta da shi, kana da 'yancin dubawa, ka gyara, ka kwafa wa wanda kake so, ba tare da ka nemi izinin wani kamfani ba. Lasisi ne ba ka biya. Amma mutumin da zai ɗora ta, ya koya wa ma'aikata, ya toshe ɓaraka, ya amsa waya ranar da abu ya tsaya, wannan ɗan Adam ne mai cin abinci da biyan hayar ɗaki. Ku dubi kamfanin Red Hat na Amurka. Babban kasuwancinsa kula wa ma'aikatu da Linux ne, kuma a 2019 IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Manyan bankuna da kamfanonin duniya suna zuba wannan kuɗi ne a kan me, in ba kulawa ba? Su sun san manhaja ba ta kiwon kanta. Mu kuma muna so yaro ɗaya ya yi mana aikin da ladar Allah kawai.

Na san abin da za a jefo mini, don an riga an jefo shi a taron. Ɗaya daga cikin masu iliminmu ya miƙe ya ce ai har Jamusawa sun gwada a birnin Munich sun gudu, mu su wa? Malam, da ka karanta labarin har ƙarshe da ba ka kawo shi ba, domin hujjata ce ba taka ba.

A 2003 majalisar birnin Munich ta yanke shawarar barin Windows. Abin ya girgiza Microsoft har shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya taso takanas ya je ya gana da magajin gari Christian Ude don ya sauya ra'ayi, bai sauya ba. Suka gina nasu Linux ɗin suka sa masa suna LiMux, suka bi a hankali, sai a 2013 aka ce an kammala, kwamfutoci kusan 15,000 sun koma kansa. Shekara goma, ku lura, ba mako biyu ba. Birnin da kansa ya ce ya rage kashe sama da yuro miliyan 10. To me ya faru? A 2014 aka yi zaɓe, sabon magajin gari Dieter Reiter ya hau, mutumin da bai ɓoye cewa ya fi son kayan Microsoft ba. A 2016 Microsoft ya kawo hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin Munich. A wannan shekarar aka sa masana suka binciki koke-koken ma'aikata, kuma babban abin da suka gano shi ne aikin kwamfutar birnin a warwatse yake tsakanin sassa barkatai, kowa da nasa tsarin, sabuntawa tana makara, ga tsofaffin injuna. Wato matsalar shugabanci da tsari. Duk da haka a watan Nuwamban 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, aka ƙiyasta komawar kaɗai za ta ci kusan yuro miliyan 49. Sai ga shi a 2020 sabuwar gamayyar jam'iyyun da ta karɓi ragamar majalisar birnin ta sake cewa za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda zai yiwu. Yanzu ka gaya mini, a cikin wannan kai-komo, yaushe manhajar ta canza? Kujeru ne suka canza. Wanda ya tsaya wa abin ya tafi, wanda ya gaje shi ba ya so, sai aka nemo wa kare suna don a rataye shi. Irin abin da ya faru da mu ke nan, sai dai namu ƙarami ne.

Kuma don me ake kawo Munich kullum ba a kawo jandarmomin Faransa? Su sun fara da OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi irin LibreOffice, a 2005, suka ƙara Firefox ta shiga intanet, sannan daga 2008 suka shiga mayar da kwamfutocinsu kan Ubuntu, nasu da suke kira GendBuntu, dubun-dubatar injuna, kuma har yau suna kai. Sirrinsu ba wani abin mamaki ba ne. Sun fara da sauya ƙananan manhajoji tun ma'aikata suna kan Windows, har hannu ya saba, kuma suna da ma'aikatansu na dindindin masu albashi da ke kula da abin. A Jamus ɗin ma, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Manhaja ɗaya ce, wani ya zauna lafiya da ita, wani ya gudu. Bambancin yana wurin wanda ya ɗauki mai kula da ita ya biya shi, da wanda bai ɗauka ba.

Sai maganar takardu. Wai in an turo fayil daga ma'aikatar ilimi a Alausa, da an buɗe sai layuka su karkace, jadawali ya zame. E, yana faruwa, ban musa ba. Sau da yawa ma dalilin ƙarami ne: an rubuta takardar da salon haruffan Calibri, injinmu ba shi da shi, sai ya musanya da wani mai faɗi daban. Akwai salon Carlito da aka yi shi daidai awon Calibri, ɗora shi aikin minti biyar ne ga wanda ya sani. Wa zai ɗora? Wanda kuka kora da yunwa? Haka maganar na'urar ɗaukar zanen yatsa da wasu manhajojin rajista da ba sa tashi sai a Windows. Gaskiya ne akwai su. Maganinsu a bar kwamfuta ɗaya ko biyu a kan Windows mai lasisi don wannan aiki, kamar yadda Munich ɗin ma ta bar wasu. Ba a rushe gida don ƙofa ɗaya ta ƙi rufuwa.

Wai ma'aikata ba su saba ba. Yaushe aka koya musu? Ku faɗa mini rana ɗaya da aka tara malamai da akawu aka zaunar da su aka nuna musu. Ranar Litinin kawai suka zo suka tarar allo ya sauya. Ko ni aka yi wa haka zan tsani abin. Hajiyar da ke riƙe mana lissafin adashi ta fi shekara goma tana aiki da Excel, ta haɗa dabarunta a ciki, ba a tambaye ta ba, ba a taimaka mata ta mayar da su ba, sannan ana mamakin ta fi kowa ɗaga murya a taro. Tana da gaskiya a fushinta. Sai dai ba manhaja ce ta yi mata laifi ba, mu ne.

Wai yara ba za su samu aiki ba in ba su iya Word ba. Wannan kam ba zan ɓata yawu a kai ba. Yaron da ya iya rubutu da jadawali a LibreOffice zai iya Word cikin yini guda. Wayar Android da ke aljihun kowane ɗan kwamiti a kan ƙwayar Linux take tafiya, yawancin injunan da ke riƙe da shafukan intanet ma haka. Wanda ya kula mana da namu, Linux ɗin da kuke rainawa ne ya samar masa aiki a Yaba.

Bari in faɗi abin da nake gani shi ne ainihin dalili, ba a wurinmu kaɗai ba, a ma'aikatu da yawa. Shugaba yana son wanda zai nuna da yatsa. In Windows ya tsaya, kowa zai ce ai kwamfuta ce, haka take, ba mai tuhumar shugaba don ya zaɓi abin da kowa ke amfani da shi. In Linux ya tsaya, sai a ce wa ya kawo mana wannan? Tsoron zargi ne ke mayar da mutane, ba ingancin kaya ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Ma'aikata nawa kuka ji ta ce Windows ya ba ta kunya za ta bar shi? Mu firinta ɗaya ta ƙi aiki an kira taron gaggawa.

Dalili na biyu ya fi ɗaci. Kwamiti ya fi jin daɗin kashe kuɗi a kan abin da ke zuwa da kwali da rasit fiye da biyan mutum albashi. Kawo takardar kamfani mai tambari, nan take a sa hannu. Ce a ba ɗanmu dubu kaza duk wata, sai a fara tsaki ana cewa me yake yi ne ma, ai kullum yana zaune. Yana zaune ne saboda komai na tafiya daidai, kuma komai na tafiya daidai ne saboda shi. Ban ce wani ya ci ko sisi ba, kar a juya mini magana. Cewa na yi mun fi girmama baƙon kamfani a kan ɗan gida, kuma wannan ciwo ne.

Ba mu kaɗai ke da ciwon ba, in hakan zai sanyaya wa wani rai. A 2014 aka gano ɓarakar da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin kaso mai yawa na shafukan duniya. Da aka duba sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali kamfanoni masu biliyoyi suna cin moriyarta. Kowa na ɗiban ruwa, babu mai sayen man janareta. Bambancin kawai su da abin ya fashe sun ji kunya sun tara kuɗi, ba su ce a rufe rijiyar ba.

Yanzu mu zo kan lissafin da ba a kawo wa taro ba. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba. Kwamfutocinmu na hannu ne da aka sayo a kasuwar kwamfuta ta Computer Village shekaru da suka wuce, yawancinsu ba za su cika sharaɗin ba. Ke nan ba lasisi kaɗai za a saya ba, har da sababbin injuna. Lasisin kuma farashinsa da dala yake tafiya. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makarantar da iyaye ke biya, 'yan tireda da masu gadi da 'yan acaba da aka hana hawa manyan tituna, ya ninka uku ne? Wani ya ce akwai rangwame ga makarantu. Akwai. To wa zai nema, wa zai buɗe wa kowane malami asusu, wa zai kula da shi? Mun sake dawowa wurin mutumin nan da kuka ƙi biya. Windows ma sai da mai kulawa, har da ƙarin maganin ƙwayar cuta a kai.

Kuma mu daina yaudarar juna, na san inda abin zai ƙare. Za a ga farashi a ja da baya, sai wani ya ce yana da yaro a titin Otigba, can Computer Village, da zai ɗora mana duka a kan kuɗi kaɗan. Fasasshen Windows, fasasshen Office, na sata. A makarantar da muke koya wa yara cewa haƙƙin wani wuta ne. A kwamfutar da ke ɗauke da sunayen marayun da muke tallafawa da lissafin adashin matan unguwa. Irin waɗannan kwafin ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba, kuma ranar da aka kulle mana bayanai aka nemi fansa babu kamfanin da zai saurare mu. Mun bar halal da muka samu ba da ko kwabo ba, za mu koma wa abin da ko a gaban ɗalibanmu ba za mu iya kare shi ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Alhaji shugaba, ranka ya daɗe, da kai nake yanzu, kuma ka san ba raini a tsakaninmu. Kai ka riƙe ni lokacin da na sauka a Legas ban san kowa ba, ba zan manta ba. Don Allah a dakatar da wannan hukunci na wata uku. A ɗauki rabin kuɗin da aka ware wa lasisi a yanka wa mutum ɗaya albashi na gaskiya, a rubuce, da ranakun zuwansa. A haɗa shi da ɗalibai biyu daga manyan aji su riƙa koyo a hannunsa, kada ilimin ya sake zama a kan mutum ɗaya ya tafi da shi. A sa ya rubuta komai a littafi, har da kalmomin sirri, a ajiye a ofis. A ware Asabar biyu a zaunar da malamai da Hajiya a koya musu da haƙuri. In an yi wannan wata uku abin bai daidaita ba, ni da kaina zan miƙe a taro in ce na yi kuskure. Amma a ce an gwada alhali ba a gwada ba, wannan ba zan yi shiru a kai ba.

Af, tunda ana maganar sababbin injuna, kar in ji an kira 'yan gwangwan sun auna tsofaffin a kilo. Lafiyarsu ƙalau. Islamiyyar da ke bayan tashar jirgin ƙasa tana da yara sama da abin da ɗakinsu zai ɗauka, ba su taɓa taɓa madannin kwamfuta ba, ni zan ɗauki nauyin kai musu. Kuma duk wanda zai zo, ko da wace manhaja, don girman Allah ya gyara mana maganar haruffa masu lanƙwasa. Takardar sakamakon ɗiyata ta zangon da ya wuce, sunan kakanta Ɗanlami an buga shi Danlami, na wata yarinya kuma akwati ne ya fito a wurin ƙ. Yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba Yarbanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu, da ƙyar muke jan su zuwa karatun Hausa, sannan makarantar da muka gina don wannan ta kasa rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Jiya na tambayi ɗan autana ya rubuta mini "ƙofa", ya rubuta "kofa", na ce ina lanƙwasar, ya ce Baba ai a kwamfutar makaranta ma babu ita.